Haƙƙin ɗan Adam a aji: abin da cire darasin tarihi ya jawo

Ɗalibin sakandare a Kazaure ko Roni a jihar Jigawa zai iya jero maka abin da ke babi na huɗu na tsarin mulkin 1999 tiryan-tiryan: 'yancin rayuwa, 'yancin faɗar albarkacin baki, 'yancin zirga-zirga. Ka tambaye shi su wa suka sha ɗauri kafin talaka ya sami waɗannan, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. A zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka bar batun haƙƙi ga darasin zama ɗan ƙasa nagari, wanda haddarsa kawai ake yi don WAEC da NECO.

Alhali labarin yana ƙofar gida. Dattijo a Gwiwa bai manta yadda magidanci kan fasa rumbu ya sayar da hatsin iyalinsa don biyan haraji ba, ko yadda makiyayi kan ɓoye shanu a daji lokacin ƙirgar jangali, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, sa'ad da yankin ke cikin jihar Kano. Wannan ba kyauta ba ce daga sama; gwagwarmayar jam'iyyar NEPU ce tun 1950. A shekarar 1979 ɗin ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa. Yarinyar da ta ji haka daga bakin malami ba za ta ɗauki haƙƙi a matsayin kayan Turawa ba.

Darasin labarin ƙasa ma ya koma na ganin dama a babbar sakandare. Amma yaron Babura da ya ga an rufe iyakar Nijar a 2019 da 2023, kasuwa ta mutu, zumunci ya yanke, shi ya fi cancanta a buɗe masa taswira a karanta masa yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979.

A 2022 gwamnatin tarayya ta dawo da tarihi, ta ware malamai 3,700 don horo, ɗari-ɗari kowace jiha da Abuja. Malamai ɗari ba za su ishi ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ba. Inda babu gwani, darasin kan tsaya a jerin sarakunan Kazaure tun daga Ɗan Tunku, domin batun haraji da bauta na da nauyin faɗa a garin sarauta. Dokar kare haƙƙin yara da Gwamna Badaru ya sa wa hannu a Disambar 2021 kuwa tana jiran malamin da zai shigar da ita aji.