Yunwar cikin gari: tukunya na kan wuta, yaro na ramewa

Duk ranar Lahadi, tun kafin hantsi, hanyar Daura zuwa Mai'aduwa kan cika da motocin hatsi da na dabbobi. Yadda buhun gero ya kwana a wannan kasuwa ta bakin iyaka, shi ke yanke wa uwargida a cikin Daura yawan tuwon da za ta tuƙa har wata Lahadin. Manomin Baure ko Sandamu yana da rumbu, ko da rabi ne. Tela da ɗan acaɓa da malamin firamare a cikin gari kuwa, aljihunsu ne rumbunsu. Da tiya suke awo, wani ma da gwangwani.

Aljihun nan ya sha jiki a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame iyakar Nijar, mashigar Kwangwalam ta yi tsit, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ga cire tallafin mai na Mayun 2023, wanda ya ɗora kuɗin mota a kan kowane buhu. Zuwa Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Hatsi ya sauko daga baya, amma gidaje da yawa sun riga sun saba da ragi.

Ragin kuma a hankali yake shigowa. Nama ne ke fara ɓacewa daga cefane, sai man gyaɗa, sai wake. Daga nan a haɗe kalaci da abincin rana. A ƙarshe tuwo ne da miyar kuka lami, safe a ɗumama. Ciki ya cika, maigida ya fita da wankakkiyar riga, maƙwabci bai san komai ba, domin Bahaushe ya fi son ya kwana da yunwa da a ji kansa. Babba zai jure haka wata da watanni. Yaron da aka yaye jiya ba zai jure ba.

A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar, sanadin tamowa. Waɗannan su ne waɗanda aka kai asibiti, da yawansu a makare.

Abin da ke jawo makarar sananne ne. Yaro ya fara zawo yana ramewa, sai kaka ta ce haƙori ne, a jiƙa masa sassaƙe. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, a ce shawara ce. Mafi ruɗarwa shi ne kumburi: ƙafa da kumatu su ciko, har a riƙa cewa yaro ya yi ƙiba, alhali ruwa ne. Gwajin bai buƙatar ko sisi. Uwa ta danna babban yatsanta a bayan ƙafafunsa biyu, ta ƙirga uku, ta ɗaga. In rami ya zauna, a tafi asibiti a ranar, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa gobe. A asibiti akwai ɗan zaren awo mai launi da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani. Haɗin gyaɗar nan na leda da ake bayarwa magani ne na yaron da aka rubuta wa shi kaɗai. Raba shi da yayyensa, ko kai shi kasuwa, cutar da shi ne da hannun iyayensa.

Abincin da ke tare wannan ciwo ba sai na masu hali ba. Nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Bayan nan kunun gero da aka niƙa tare da soyayyen waken suya da gyaɗa ya fi koko tsura nesa ba kusa ba. Dakakken ƙuliƙuli a cikin miya, kwaɗon zogale, ɗanwake, ƙwai ɗaya in an samu, duk suna aiki. Zogale kuwa bishiya biyu a tsakar gida, da ruwan alwala ma sai su rayu. Yaro ƙarami a ba shi kwanonsa daban, domin in aka haɗa shi da manya, kafin ya kai loma biyu an suɗe.

Sai maganar kaka. Lokacin da gero da wake ke zube a kasuwa da araha, a lokacin ne ake sayar da su don biki da ɗinki, a dawo ana nemansu da tsada daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Wanda bai iya sayen buhu shi kaɗai, mutum huɗu na iya haɗa kuɗi irin na adashi su raba. A ajiya ne ake yin wani gangancin: zuba wa wake fiya-fiya don gudun ƙwari. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma wanda bai fita waje ba a tukunyar gida yake ƙarewa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi da aka cika taf aka toshe, kan kashe ƙwarin da rashin iska, muddin waken ya bushe sarai kafin a zuba kuma ba a riƙa buɗewa ana ɗiba ba.