Gaskiyar Magana Kan Garin Sifirulina

Jama'a, wani koren gari da ake kira sifirulina ya fara shigowa kasuwanni da shagunan magani. Wasu masu tallarsa suna cewa yana warkar da kowace cuta. Kafin mutum ya zare kuɗinsa, ya kamata ya san abin da zai saya.

Sifirulina dangin gansakuka ce, ƙanana ƙwarai, tana tsirowa a ruwa mai kanwa. Ba baƙuwa ba ce a Afirka. A ƙasar Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna ɗibarta a tafkunan kanwa da ke gabashin Tafkin Chadi. Sukan zuba ta a kan yashi ta tsane, rana ta busar da ita, su yanka gunduwa-gunduwa su kai kasuwa. Suna kiranta dihe, da ita suke miya. A shekarar 1964 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Daga nan ne masana suka mai da hankali a kanta.

Amfaninta

Idan ta bushe, fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne. Tana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake ƙara ta a kunun yara masu tamowa. Amma a lura, kaɗan ake sha. Ƙaramin cokali ɗaya bai wuce giram 3 ba, abin gina jikin da ke cikinsa kuwa bai kai rabin na ƙwai ɗaya ba. Ƙarin abinci ce, ba magani ba. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganin asibiti saboda ita.

Inda haɗarin yake

Mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga, ku saurara da kyau. Ruwan Tafkin Kainji ba na kanwa ba ne. Saboda haka koren gansakukar da kuke gani a bakin ruwa ko a kududdufi ba sifirulina ba ce. Wasu irinta suna da dafi mai lalata hanta, yana kuma kashe dabbobi, kuma tafasawa ba ta kawar da shi. Kada a ɗiba, kada a bar yara su yi wasa a ciki, kada a shayar da shanu a wurin.

Ita ma ta kanti, idan an noma ta a ƙazamin ruwa, takan haɗu da wannan dafi ko gubar dalma. Duk mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. A guji wadda aka ƙulla a leda babu suna. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai shan wani magani, su fara tambayar ma'aikacin lafiya. Haka nan kafin a ba yaro.

Abin da ke hannunmu

Mu a nan ba mu rasa abinci mai gina jiki ba. Ga kifi, musamman ƙanana da ake ci har da ƙaya. Ga wake da gyaɗa da daddawa da ganyen zogale. Uwargida ta daka busasshen kifi ta zuba a kunun yaro ko a miyarsa kullum. Maigida kuma kada ya sayar da duk abin da ya kamo, ya rage na gida. Lafiya uwar jiki.