Kifi mai gurnani: me ya sa na cikin kwando yake ƙanƙancewa?

Duk wanda ya saba kwance kwandon bandar kifi a kasuwar Aflawo ko Bawku ya san ɗan kifin nan mai manyan idanu da masuntan Gana suke kira burito. Kifin teku ne, ana samunsa tun daga gaɓar Muritaniya har Angola. Shi da danginsa ana ce musu masu gurnani, domin idan an kama su sukan goga haƙoran maƙogwaro, jakar iskar cikinsu kuma ta ƙara sautin.

Danginsa sun watsu a duniya. A Senegal akwai sompat da ake gasawa. A tsibiran Karebiyan da suru ake kama su. A tekun Indiya kuwa akwai masu kaurin leɓe. Amma namu na nan, kifin talaka ne: mata su banda shi a bakin teku, fatake su haura da shi arewa.

To, ina matsalar take? Manyan jiragen kamun kifi masu jan koma a ƙasan teku sukan kwaso shi har da 'ya'yansa. Sun yi shekara da shekaru suna daskare irin waɗannan ƙananan kifaye, su sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar ruwa, a sauke a Elmina da Apam. Wannan haramtaccen ciniki shi ake kira saiko. Ƙungiyar EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kusan tan 100,000 ta wannan hanya. A 2021 Tarayyar Turai ta bai wa Gana katin gargaɗi kan sakaci da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba.

Hukuma ta ɗauki matakin rufe teku don kifi ya hayayyafa. Daga 2021 zuwa 2024 masu kwale-kwale sun riƙa hutawa a watan Yuli, manyan jirage kuma Yuli da Agusta. A 2025 an ɗauke wa masu kwale-kwale, aka bar jiragen.

Mu dai shawararmu ga 'yan kasuwa biyu ce. Ku tanadi kaya kafin Yuli, ku adana inda danshi ba zai kai ba. Sannan ku duba girman kifi kafin ku biya. Kifin da aka kama bai yi ƙwai ba, ribar baɗi ce aka cinye bana.