Shimfiɗar roba bisa rufin soro: a duba kafin a saya

Kowace damina, masu gidajen da rufinsu yake shimfiɗe suna fama da yoyo. Zafin bazara yakan tsaga siminti, ruwan Agusta kuma ya bi tsagar har cikin ɗaki. Wani maganin wannan matsala shi ne shimfiɗar roba mai suna EPDM, wadda aka soma rufi da ita a Amurka cikin shekarun 1960. A can, har motocin yawon shaƙatawa masu ɗakin kwana ana rufe samansu da ita, ko da ƴar'uwarta TPO, domin ba ta da nauyi, kuma girgizar hanya ba ta tsaga ta.

Ya kamata mai saye ya lura da abu uku. Na farko, kauri: akwai mai milimita 1,1 da mai 1,5, ta biyun ta fi jure takawa. Na biyu, launi: baƙa tana shan rana, fara tana mayar da ita, saboda haka fara ta fi dacewa da Maraɗi ko Tawa, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40. Na uku, mahaɗi: yoyo yakan fara daga inda aka manne falle biyu, ko daga bakin indararo. Gara babban falle guda da ƙanana huɗu.

A kiyaye: fetur da man inji suna kumbura wannan roba. A ba rufin gangare na santimita 2 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta. A kuma yi aikin tun da rani, rufi yana bushe.