Gyaran tufafi ga masu amfani da keken guragu: aikin da telan unguwa zai iya

Kusan duk rigar da ke rataye a shagunan Kasuwar Wuse an yanka ta ne domin mutumin da ke tsaye. Haka ma awon tela: a miƙe ake ɗaukarsa. Shi kuwa wanda ke wuni a kan keken guragu, jikinsa a lanƙwashe yake ta ƙugu da gwiwa, saboda haka wandon da ya zauna wa kowa daidai, shi sai ya zame masa ta baya, ya taru a ciki ta gaba, ƙafarsa kuma ta ɗage ta bar idon sawu a waje.

Abin bai tsaya ga kwalliya ba. Mutumin da ya samu rauni a laka sau da yawa ba ya jin abin da ke danne masa fata. Kaurin ɗinki, ko aljihun baya, ko ƙananan ƙusoshin ƙarfe da ke jikin wandon jins na gwanjo, idan ya zauna a kansu na sa'o'i, suna iya tauye jini a wurin har gyambo ya ɓulla. Irin wannan gyambo kan ɗauki watanni bai warke ba, idan kuma ƙwayoyin cuta suka shige shi yakan kai ga rasa rai.

A ƙasashen waje kamfanoni sun shiga harkar. Tommy Hilfiger na Amurka ya fara fitar da tufafin yara masu buƙata ta musamman a 2016, na manya suka biyo baya a 2017. Sai dai farashinsu da dala yake, kuma babu kaftani ko zani a cikinsu. Ga mazaunin unguwar masu nakasa ta Karon Majigi a Abuja, hanya mafi kusa ita ce a gyara kayan da ke cikin akwatinsa.

Wando ne ya fi buƙatar aiki. Ana farke aljihun baya gaba ɗaya, a ƙara ƙyalle a ƙugu ta baya domin ya rufe gadon baya, a rage tsawonsa ta gaba. Roba mai faɗi ta fi zariya sauƙi ga wanda yatsunsa ba su da ƙarfi, muddin ba ta matse ba. Aljihu kuwa a kan cinya ya kamata ya koma, inda hannu zai kai ba tare da an karkata ba. Mai amfani da robar fitsari yakan amfana da zif a gefen ƙafar wando, yadda za a zubar da jakar ba sai an tuɓe ba.

Kaftani matsalarsa tsawo ne. Bayansa kan naɗe a ƙarƙashin mai shi, kuma kowace naɗiya wurin danna ce. Telan da ya fahimci haka sai ya rage bayan, ya bar gaban ya sauka kan gwiwa, ya ƙara tsagar gefe. Mai kallo ba zai ma lura ba. Babbar riga da dogon hijabi su ne masu haɗari, domin gefensu na iya faɗawa cikin taya, ko cikin sarƙar keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda da yawa daga waɗanda shan inna ya shafa ke hawa. Maɓalli ɗaya a ɓoye kan kafaɗa ya isa ya riƙe hannun rigar.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an yi awo a zaune, a kan keken da mutum ke amfani da shi kullum, an kuma saurari mai rigar, tunda shi ya san inda ke ci masa tuwo a ƙwarya. A nan ne ake cin karo da wata matsalar. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yau teloli da yawa a saman bene suke, ko a ƙetaren kwata. Shi ya sa sau da yawa ɗan'uwa ne ke kai tsohuwar riga a matsayin awo, tela kuma ya maimaita kuskuren da ke jikinta.