Tanis da 'Ya'yanmu Mata: Koci Mai Tsawa ko Koci Mai Tambaya?

A wasan tanis yarinya ita kaɗai ce a filinta. Ba ta da abokiyar da za ta miƙa wa ƙwallo, kuma a yawancin gasar yara ba alƙalin wasa, 'yan wasan da kansu ke faɗin ko ƙwallo ta fita ko tana ciki. Tsakanin maki da maki daƙiƙa 25 kawai ake ba ta ta huce, ta yi tunani. Saboda haka yadda aka koyar da ita yana shiga har cikin halinta.

Masu horarwa iri biyu ne. Akwai mai tsayawa da kwandon ƙwallaye yana jefowa yana tsawa: riƙe haka, buga can. Hannun yarinya yakan faɗa da wuri, amma da ta yi kuskure sai ta waiwayi koci. Ranar gasa kuwa koci ba zai buga mata ba. Akwai kuma mai barin yara su kara, sannan ya tambaya: me ya sa ƙwallon ta faɗa raga? Me kika ji a ranki lokacin da ake gaba da ke? Wadda ta saba da irin wannan tambaya takan gane fushinta da tsoronta kafin su rinjaye ta. Tun 1974 Timothy Gallwey ya bayyana a littafinsa The Inner Game of Tennis cewa yawan zargin kai shi ke ƙanƙame jikin ɗan wasa.

Duniyar tanis ta ga illar gaggawa. Jennifer Capriati ta Amurka ta shiga gasar ƙwararru a 1990 tana da shekara 13, ta ci zinare a wasannin Olamfik na 1992, amma a ƙarshen 1993 nauyin ya yi mata yawa ta ajiye wasa. Sai a 2001 ta ci babbar gasarta ta farko a Ostareliya. A 1995 hukumar tanis ta mata, WTA, ta hana 'yan ƙasa da shekara 14 shiga gasar ƙwararru, ta kuma ƙayyade yawan gasa ga waɗanda ba su kai 18 ba. Shi kuwa Richard Williams tun 1991 ya janye Venus da Serena daga gasar yara, ya nace su riƙe karatu. Serena ta ci gasar Amurka a 1999, Venus ta ci Wimbledon a 2000.

Mu a zango muna koya wa 'ya mace kunya da kawaici, abu ne mai kyau. Sai dai wadda ta saba haɗiye damuwa ba za ta faɗa ba in koci yana ci mata fuska. Don haka in 'yarmu ta shiga tanis a makaranta, mu je fili mu ji yadda ake yi mata magana. In ta dawo gida kada mu tsaya kan wa ya ci, mu tambaye ta yadda ta ji da abin da ta koya. Allah ya shirya mana zuriya.