Zanen Suriyalizim a Fagen Bore: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A wani zane da Tetsuya Ishida ɗan ƙasar Japan ya yi a 1996, ma'aikatan ofis uku ne zaune a jere a wani gidan abinci, kowa sanye da kwat. Masu raba abincin sun cusa musu bututu irin na gidan mai a baki, suna ɗura musu. Babu mai kallon wani, babu mai alamar mamaki. Ko kalma ɗaya ta zagi babu a zanen, ba a ambaci sunan kamfani ko na gwamnati ba, amma duk wanda ya taɓa rayuwar albashi ya san inda aka dosa. Irin wannan zane, mai kama da mafarki amma yana ɗauke da ƙorafin jama'a, ya sake samun kasuwa a duniya cikin 'yan shekarun nan.

Mene ne wannan salo?

Suriyalizim ya fito fili a Faris a 1924, lokacin da marubuci André Breton ya wallafa takardar manufofinsa. Breton ya yi aiki a asibitocin sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ya kuma karanta Sigmund Freud. Shi da abokansa suka ce idan masu hankali da tsari ne suka jefa miliyoyin matasa a ramukan yaƙi, to gara a saurari mafarki da abin da ke ɓoye a zuci.

A zane, dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana zana abubuwan da kowa ya sani, a zana su daidai har kamar hoto, sannan a haɗa su ta hanyar da ba ta yiwuwa. Agogunan Salvador Dalí na 1931 sun narke suna rataye a reshe. A wani zanen René Magritte na 1953, mutane ne masu baƙar malafa cike da sararin sama kamar ana ruwansu. Ido ya yarda da abin da ya gani, hankali ya ƙi.

Siyasa tana ciki tun daga tushe

Da yawa suna ɗauka cewa 'yan zamani ne suka cusa wa salon siyasa. Tarihi bai nuna haka ba. A 1925, Faransa na yaƙar mutanen Rif na Maroko ƙarƙashin Abdulkarim al-Khattabi, su Breton suka fito fili suka goyi bayan 'yan Rif. A 1931 aka yi gagarumin bajekolin mulkin mallaka a Faris, inda aka nuna yankunan da Faransa ke mulka, ciki har da Afirka ta Yamma wadda Nijar ke cikinta a lokacin, aka kwaso mutane daga can don 'yan kallo. 'Yan suriyalizim suka raba takardu suna kira da a ƙaurace, suka haɗa kai da 'yan kwaminis suka buɗe nasu bajekolin na tonon silili. Miliyoyi suka je na gwamnati, 'yan dubbai suka leƙa nasu.

A 1937 gwamnatin Hitler ta tara ayyuka sama da 600 a birnin Munich, har da na ɗan suriyalizim Max Ernst, ta sa musu suna gurɓataccen zane don jama'a su zo su yi dariya. Martani mafi kaifi daga Alƙahira ya fito. A Disambar 1938, Georges Henein da marubuta da masu zane sama da 30 suka sa hannu a wata sanarwa mai taken Ran Gurɓataccen Zane Ya Daɗe, kuma daga nan ƙungiyar al-Fann wal-Hurriyya, wato Fasaha da 'Yanci, ta samo asali. Ramses Younan da Kamel El-Telmissany suka riƙa zana jikkuna a kakkarye, musamman na matan da talauci ya jefa kan titi a shekarun da sojojin Ingila suka cika birnin. Mujallarsu al-Tatawwur, wadda ta fito a 1940, ba ta shekara ba, ta daina fitowa saboda matsin hukuma.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Dalí, wanda ya fi kowa suna, ya zana wani dodo yana yayyaga kansa a 1936, 'yan watanni kafin yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke, amma daga baya ya koma yabon ɗan kama-karya Janar Franco. Abokansa suka raba gari da shi.

Me ya sa mai ƙorafi zai bi ta mafarki?

Dalili na farko tsaro ne. Wannan zane habaici ne, kuma kowa ya san amfanin habaici: wanda aka yi dominsa ya ji a jikinsa, amma in ya tanka ya tona kansa. Jami'in da ke tace ayyukan fasaha yana iya hana zanen soja yana harbin ɗalibi. Me zai rubuta a rahotonsa game da zanen mutane suna dariya?

Yue Minjun na ƙasar Sin, wanda aka haifa a 1962, ya yi irin wannan a 1995, shekara shida bayan kisan dandalin Tiananmen. A gaban wata jar katanga mai kama da ta tsohuwar fadar sarakunan Beijing, maza ne tsaye daga su sai ɗan kamfai, idanu a rufe, baki a wage, suna ƙyaƙyata dariya. A gabansu wasu sun ɗaga hannuwa kamar masu saita bindiga, amma hannuwan babu komai. Tsarin tsayuwar ya ɗauko shi ne daga tsofaffin zane-zanen Goya da Manet na harbe fursunoni, fuskar da ke dariyar kuma tasa ce, ya maimaita ta a kan kowa. Yue ya ce kada a ɗauki zanen a matsayin hoton Tiananmen. Mai kallo dai yana da ido. Masana sun fi sa shi a wani rukuni na masu zanen Sin na shekarun 1990 masu ba'a cikin takaici, amma makamin da ya riƙe na suriyalizim ne.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi a ganina. Babban abin da ke raya zalunci shi ne sabo. Hoton jarida na ma'aikacin da barci ya kwashe a jirgin ƙasa ba ya tayar wa kowa hankali a Tokyo, don kullum ana gani. Sai an juya abin ya zama abin tsoro kafin ido ya sake ganinsa.

Ishida da ƙasar da ba a harbi kowa ba

A nan Ishida ya yi fice, domin shi babu ɗan kama-karyar da yake tsoro. An haife shi a 1973 a garin Yaizu, ya gama jami'ar fasaha ta Musashino a 1996, daidai lokacin da tattalin arzikin Japan ya durƙushe bayan bunƙasar shekarun 1980. Kamfanonin da suka saba ɗaukar matashi aiki har ya yi ritaya suka rufe ƙofa, waɗanda ke ciki kuma aka ninka musu aiki har wasu na mutuwa saboda shi. Shi kansa Ishida ya yi gadin dare don ya samu na sayen fenti.

Fuska ɗaya ce kusan a duk zanensa, ta wani saurayi mai sanyin ido. A wani zane na 1998, iyali ne cikin baƙaƙen kayan makoki sun durƙusa a kan tabarma, mamacin kuma an kawo shi gunduwa-gunduwa a cikin kwali, kai daban, hannuwa daban, an jera su kamar kayan lantarkin da aka mayar wa kamfani saboda sun samu matsala, wani ma'aikaci na duba su. A wani kuma, yaro ne ya yi girman da ginin makaranta ya zame masa keji, kansa ya fito ta gefe guda, yatsunsa ta wani, sauran ɗalibai na motsa jiki a fili abinsu. Babu jini, babu ihu. Ladabin da ke cikin zanen shi ne abin firgitar.

Jirgin ƙasa ya buge shi a 2005 yana da shekara 31, ya bar ayyuka kusan 200. Sai bayan ransa duniya ta waiwaye shi. Gidan adana zane na Reina Sofía da ke Madrid ya yi masa babban bajekoli a 2019.

Inda habaicin bai hana ɗauri ba

Kariyar tana da iyaka. Malangatana Ngwenya na Mozambik yakan cika zanensa maƙil da fuskoki, haƙora, farata da jini, babu ko masakar tsinke, kamar ƙasar ce gaba ɗaya aka cusa a ɗaki ɗaya. 'Yan sandan ciki na Fotugal, mai mulkin mallakar ƙasar a lokacin, suka kama shi a 1964 bisa zargin alaƙa da ƙungiyar neman 'yanci ta FRELIMO, ya yi wata 18 a tsare. Inji Efflatoun ta Masar, ɗalibar El-Telmissany, ta shiga kurkukun Jamal Abdul Nasir daga 1959 zuwa 1963 saboda aƙidarta ta kwaminis, ta ci gaba da zane a ciki.

Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda ya yi babban muƙami a ma'aikatar al'adu, an jefa shi kurkukun Kober a 1975 zamanin Shugaba Numairi, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ya yi wata shida ba shari'a. Yakan yayyaga takardar buhun siminti ƙanana ya yi zane a kai, ya binne a cikin yashi kada masu gadi su gani. Bayan an sake shi ya cika littafi da siffofi rabi mutum rabi tsuntsu, da fuskoki a bayan ƙarafa. Shi ɗan makarantar zane ta Khartum ne, tushensa rubutun allo da ƙawata harafin Larabci, ba almajirin Breton ba. A lura kuma, duka ukun nan an ɗaure su ne bisa zargin siyasa, ba a kan wani zane takamaimai ba.

Yana canza wani abu kuwa?

Misalin da aka fi kawowa shi ne Haiti. Breton ya yi laccoci a Port-au-Prince a Disambar 1945, matasan jaridar La Ruche suka ɗauki zafi, gwamnati ta kwashe jaridar, ɗalibai suka fita yajin karatu, a Janairun 1946 Shugaba Élie Lescot ya faɗi. Amma yunwa da fushi sun riga Breton isa ƙasar, kuma magana ce ta kunna wutar, ba fenti ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kasuwa. Harshen damon da ke kare mai zane daga hukuma shi ne kuma ke ba attajiri damar rataya zanen a falonsa ba tare da ya ji an taɓa shi ba. Zanen nan na Yue Minjun an yi gwanjonsa a Landan a 2007 kan fam miliyan 2.9, kuɗin da ba a taɓa sayen aikin ɗan Sin na zamani da shi ba a lokacin. A 2022 babban bikin zane na Venice ya ari sunansa daga wani littafin 'yar suriyalizim Leonora Carrington. A 2024, shekarar da salon ya cika 100, cibiyar Pompidou ta Faris ta yi masa gagarumin biki, aka sayar da zanen Carrington kan dala miliyan 28.5, na Magritte kuma ya haura dala miliyan 121 a New York.

Duk da haka tsada ba ta cire wa wasu ayyukan dafi ba. A 2023 masu zafin kishin ƙasa a kafofin sada zumuntar Sin suka tono wasu tsofaffin zane-zanen Yue na mutane masu hular soja suna irin dariyar nan tasa, suka yi masa ca, suna zarginsa da cin mutuncin rundunar sojan ƙasar.